Tulun da Inna Ke Wa Waƙa

A gidanmu na unguwar Mansur, a Makka, akwai tulun da ba a taɓa zuba wa ruwa ba. Bangonmu na gwangwani ne, ko tari ka yi maƙwabta sun ji.

Wata la'asar Kawu, ƙanen Inna, ya shigo da sauri. Tare suka tashi suna ƙirƙirar waƙa, amma shi kaɗai ake kira bukukuwa har unguwar Zahir.

"Yaya, gobe akwai biki, kuma ba ni da sabuwa."

Inna ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa, ta durƙusa, ta kafa baki a tulun don kada mazan waje su ji muryarta. Kawu ya manna kunne a jikin tulun, ni ma na manna nawa. Yumɓun yana rawa a kumatuna. Ta rera, ta maimaita, har ya haddace.

Da zai fita ta ce, "Kar ka yi gaggawa a ƙarshen. Wurin nan na kuka ne."

Jiya, bayan shekaru masu yawa, na ji wani tsohon direba yana rera waƙar, yana yi wa marigayi Kawu addu'a. Direban ya yi gaggawa a ƙarshen, kuma ba ni da wanda zan gaya wa.