Maƙerin da Annoba Ta Bari

Ka ce kana mamaki, wai a shekarar annoba zawo ya ja baya a ɗakunan kwanciya na asibiti, da annoba ta kau kuma ya dawo kamar wanda ya je unguwa. Tunda kai aka ɗora wa kula da lafiyar yankin nan, gyara zama in buga maka misali.

An yi wani maƙeri a wani ƙauye, ƙaƙƙarfan mutum, wanda in ya sauke masaba a kan uwar maƙera har bayan gari ana ji. Shekarar da annobar sarƙewar numfashi ta shigo ƙasa sai ta kama shi, aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa babban asibitin gari. Shi wannan asibiti an daɗe da sanin halinsa. A ɗakin maza akwai wani zawo da ya yi kaka-gida, mutum ya zo da karaya ya ɓuge da gudawa, har mutane suka daina tambayar dalili. Amma maƙeri bai tarar da haka ba, domin tsoro ya riga shi isa. Annobar ba ta ƙyale likita ba, ba ta ƙyale mai mulki ba, don haka ruwa ya zo famfo, sabulu ya sauka a bakin kowace ƙofa, aka ja gadaje nesa da juna, ana goge daɓe da ruwan magani har warinsa na sa ido hawaye. Malamin jinya ba ya taɓa wannan ya taɓa wancan sai ya sake safar hannu. Matar maƙeri an hana ta shiga, kullum sai dai ta tsaya ta taga tana hangen ƙirjin mijinta yana hawa yana sauka. Ya sha da ƙyar, amma ya sha. Duk tsawon kwanciyarsa ba a ji wanda cikinsa ya ɓaci a ɗakin nan ba. Ba zawo aka nufa da wankin ba, amma wankin ya tafi da shi. Maƙeri ya koma gida ya hura wutarsa, duk wanda ya kawo gyaran fartanya sai ya sha labarin tsabtar asibiti kafin ƙarfe ya yi ja.

Annoba ta kau, aka yi hamdala. Da damina ta zagayo sai ciwon ƙaba ya matsa wa maƙeri, ba ya iya ɗaga komai. 'Yan'uwa suka ce a fara gwada na gida. Ya yi dariya ya ce, "Wurin da ya ƙwato ni daga bakin kabari, ƙaba ce za ta gagare shi?" Da ƙafarsa ya shiga mota. Aka yi masa aiki, aiki ya yi kyau, aka turo shi ɗakin da ya sani. Sai dai ɗakin bai san shi ba. Famfo ya bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Bokitan wanke hannu an jibge su a bayan gini, rana ta farfasa su. Gadaje sun koma manne da juna, ga wasu majinyata a ƙasa kan tabarma, banɗaki ya toshe, fo guda na bayan gida yana zagaya gadaje. Wannan karon an bar matarsa ta shiga, domin komai ya dawo kanta, ita ce ɗibar ruwa, ita ce wankin zane. Wani tsoho a gadon kusa ya fara gudawa, na gefensa ya karɓa, kafin a cire wa maƙeri zare abin ya iso gare shi. Aka ɗura masa kafso, aka sake wani, aka rataya ƙarin ruwa, amma abin da ya shiga ta jijiya sai ya fita ta ƙasa. Mutumin da ke lanƙwasa ƙarfe ya koma ba ya iya juya kansa a kan gado, in matarsa na gyara shi sai ya rufe fuska da hannu don kunya. Ran nan ta tari wani malamin jinya ta ce, "Malam, don girman Allah, ina sabulun nan na bara?" Ya dube ta a gajiye, ba da wulaƙanci ba, ya ce, "Inna, ai wancan na annoba ne. Annoba ta wuce." Shi ma hannunsa tun safe bai ga ruwa ba. Ba a daɗe ba maƙeri ya cika, ƙannensa suka ɗauke shi sakayau kamar damin kara.

Ana cikin zaman makoki sai ga motar asibitin nan ta shigo ƙauye da lasifika a kanta. Ta tsaya a dandali, murya na tashi: jama'a a kula, zawo daga ƙazanta yake, ƙauyawa ku riƙa wanke hannu da sabulu. Masu gaisuwa duk suka sunkuyar da kai. Matar maƙeri tana tsakar gida cikin takaba, ta durƙusa gaban ƙwarya tana cuɗa zanen da ta dawo da shi daga asibiti. Ta ji kowace kalma. Ba ta ɗago ba, ta ƙara ruwa ta ci gaba da cuɗa.

To, ka ji inda zawonka ya je, ka ji kuma abin da ya dawo da shi. Masu asibitin sun san maganin, sun taɓa yi an gani, amma sai ranar da cuta ta yi barazanar hawa benen manya. Kafin ka sake aika mota ƙauye da lasifika, fara leƙa famfon ɗakin maza. Hausawa sun riga sun faɗa: in kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.