Kwamfutar Japheth Ta Ƙi Tashi

Japheth ya sake danna maɓallin kwamfutarsa. Ko fanka ba ta juya ba. Ga ƙwan ɗakinsa na Bomo yana ci, balle ya ce an ɗauke wuta.

Kwamfutar wasannin gem ce, ta farko da ya haɗa da hannunsa, da kayan da ya tsinto ɗaya-ɗaya a Sabon Gari. Ya kwance, ya ɗaure, ya sake kwancewa, har hannunsa ya zame ya karya ƙafafun firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar. Ya zauna a ƙasa, ya zuba tagumi.

Baba Jatau mai gidan ya leƙo. "Japheth, kar ka wahala da soket. Tun safe na yanke wutar soket ta duk ɗakunan, saboda masu dafa wake da hita."