Hayaƙin Bayan Katanga

Ƙawata, matso kusa, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce.

Kin tuna shekarar da hukumar gari ta sassauta dokar gini. Da can unguwar zama daban, wurin masana'antu daban. Sai aka ce garin ƙarami ne, matasa ba su da aikin yi, don haka kowa ya kafa sana'arsa inda ya samu fili, muddin wanda suka haɗa katanga ya amince.

A layinmu akwai wata mai ɗinki, da mijinta direban babbar mota da aiki ya tsaya masa, da 'yarsu guda. Auta suke ce mata, alhali ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe. Da asma aka haifi yarinyar.

Kangon da ke bayan ɗakinsu aka kewaye da kwano, aka girke injin narka tsofaffin robobi. Hayaƙin ta tagar da ke saman keken ɗinki yake shigowa. Farin yadi in ya kwana a ɗakin, sai ya tashi ruwan toka. Mai ɗinki ta toshe tagar da ƙyallaye, amma ƙirjin Auta bai fasa kuka kamar usur ba.

Ta je ta tambayi Dogo, mai kula da ma'aikatan, wane ne mai wurin.

"Uwar gida, ni ma ɗan aike ne," in ji shi. "Mai abin ba ya son a san shi."

Suna cikin haka mijinta ya biyo sawunta. Dogo ya yar da tabarsa ya take.

Ta ce ofishin tsara gari za ta. Mijin ya ce ba za ta tafi ita kaɗai ba. Jami'in ya saurare ta har ta gama, yana wasa da biro.

"Baiwar Allah, doka ta yi laushi yanzu. Maƙwabci ya amince, mu namu ya ƙare."

"Wane maƙwabcin? Ai mu ne maƙwabtan."

Jami'in ya dubi mijin. Mijin ya dubi fankar sama.

A hanya ya ce mata shi ne ya amince, amma yaudararsa aka yi, ce masa aka yi ɗakin ajiyar kaya za a gina. Ya yi hawaye a bakin titi. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, sai ita ta koma rarrashi.

Kuma a gaskiya ya tsaya wa 'yarsa. Maganin shaƙa mai tsada bai taɓa yankewa a gidan ba. Ya ce wani aboki ke ba shi ɗan lodi jifa-jifa, kuma da damina ta wuce zai haɗa abin da za su tashi su bar layin. Akwai lokacin da ciwon ya kwantar da Auta a asibiti. Ranar da aka sallamo ta, injin bai yi aiki ba.

"Ashe suna da ɗan imani," in ji mai ɗinki.

Washegari hayaƙi ya dawo.

Damina ba ta wuce da Auta ba. Wata la'asar iska ta juyo da hayaƙin gaba ɗaya cikin tsakar gida. A kafaɗar ubanta ta cika, kafin su kai bakin titi. Allah Ya sa mai ceto ce.

Duk kwanakin zaman makoki injin shiru. Mai ɗinki ba ta kai ƙarar kowa ba. Bayan kowace sallah dai takan ɗaga hannu ta ce ta bar mai wurin nan da Allah, ko wane ne shi, kada ya ga daɗin abin da ya tara. Mijin yana gefe yana cewa amin. Da kunnena na ji.

Ranar da baƙi suka watse na koma ɗaukar tabarmin da na ara musu. Ina naɗe su a bayan ƙofa, ba wanda ya gan ni.

Don girman Allah, ƙawata, kada ki faɗa wa kowa, don har yau mai ɗinki ita ke zuba wa mijin nata ruwan alwala. Dogo na gani durƙushe gaban mijin yana cewa, "Maigida, kaya sun taru, ma'aikata na jira, in kunna injin gobe ko a ƙara haƙuri?" Shi kuma ya share fuska ya ce, "Kunna."