Wankin Juma'a na Baba Jatau

Tun da aka hana ba da sadaka hannu da hannu, duk mai kwana a ƙarƙashin gada sai an rataya masa ƙaramin allo a wuya. Mutanen gari suna kallonsa ta waya. Idan ya ba su tausayi, sai su danna, allon ya yi kore, ya samu tuwo da makwanci. In ba haka ba, ja.

Ran Juma'a, Baba Jatau, tsohon birkila da ambaliya ta cinye wa gida, ya wanke rigarsa ya tafi masallaci. Da ya dawo, allonsa ya yi ja, kuma Sabi'u mai kula da gadar yana naɗe masa tabarma.

"Ɗana, me na yi?"

"Baba, wa ya aike ka wanki? Sun ce ka yi fes, wai ɗan damfara ne kai."

"Da dauɗa zan tsaya gaban Ubangijina?"

"Ni ba ruwana, su ke dannawa." Sabi'u ya rage murya. "Ga kwata can. Ka ɗan shafa, zai koma kore."

Masu dannawar nan, marasa kunya, da su Baba Jatau ya yi sahu ɗazu a masallaci, kafaɗa da kafaɗa.

Baba Jatau ya dubi hadarin da ya haɗo. Ya tuɓe rigar, ya ninke ta a hankali, ya sa a leda. Sannan ya durƙusa bakin kwatar, ya cusa hannu.

Allon ya fara yin kore.