Mai Duba Jikin 'Yan Kokawa

Tunda ka kawo zancen shugabannin wasa, ga misalin da marigayi maigidana yake bayarwa.

Garuruwa bakwai ne, wasu a wannan gefen iyaka, wasu a wancan, suke haɗuwa kokawa duk bayan girbi. Akwai wani dattijo mai aiki ɗaya: kafin ɗan kokawa ya shiga fili, zai bi kafaɗunsa da kugunsa da tafin hannu, in ya ji santsin mai ya sa a goge shi da yashi. Shekara ashirin hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Da aka naɗa sabon shugaban majalisar kokawa, sai ya ce 'yan garinsa shi zai riƙa duba su a zaurensa, wai don a rage wa tsoho wahala. Abin bai kwanta wa dattijon ba, amma ya haɗiye maganarsa, don shugaban ne mai naɗawa, shi ne mai saukewa, in kana da ƙara ma wurinsa za ka kai.

Ran nan wani ɗan kokawa daga ƙetaren iyaka ya cafki kugun ɗan garin shugaba, ya yunƙura da ƙarfinsa duka. Hannu ya sulɓe, ya tafi da baya, ya faɗi kan wuyansa. Bai kai la'asar ba. Majalisa ta zauna bincike, shugaban kuwa shi ne a kujerar alƙali. Dattijon ya miƙe, ya buɗe tafukansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, jikin da ya yi santsi bai bi ta hannun nan ba. A tambayi zaure." Aka ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Aka sauke shi, aka naɗa masu dubawa biyu, aka ɗinka musu riguna iri ɗaya, aka yi shela gyara ya zo. Zauren kuwa ba wanda ya ƙara ambata. Da kaka ta zagayo, dattijon yana tsaye bayan 'yan kallo ya ga ɗan garin shugaba ya fito daga zauren nan, kafaɗunsa na ƙyalli a rana, masu rigunan suka matsa suka ba shi hanya. Mahaifin mamacin ya shiga fili ya kamo hannun ɗansa na biyu, wanda ke jiran karawa da ɗan garin shugaban, ya fita da shi. Garuruwa shida suka ɗauki gangunansu suka bi bayansa.

Irin wannan ne Hausawa suke cewa: an bar jaki, ana dukan taiki.