Ruwan Baƙo a Gidan Inuwa

Bamanga ya leƙa rijiyar, warin dizal ya daki hancinsa, amma bai yarda ba. Aikin kamfanin inshora ya koya masa cewa kwalbar mai ɗaya ta isa mutum ya ɓata rijiyarsa da kansa don ya ci diyya. Duk Bolari kuwa an san masu haƙar burtsatsen nan na maƙwabta suna da inshorar gurɓata ruwa.

"Malam Inuwa, ka ce tun da man injinsu ya tsiyaye, wannan ruwan kuke sha?"

"Shi muke sha, Yallaɓai."

Bamanga ya yi murmushin mugunta. "To, a sam min ruwa, ƙishi nake ji."

Delu, matar gidan, ta kawo a kofin silba. Ya shinshina, ya kurɓa. Garau, ko alamar wari babu! Nan take ya kira ofis a gabansu: "Kada a biya Malam Inuwa ko kwabo. Ƙarya suke yi, suna da ruwa mai kyau."

Ya juya zai fita ke nan sai ya ga 'ya'yan gidan mata biyu ƙanana sun kafa kai a bokiti suna sha, mai yana ta sheƙi a saman ruwan.

"Malama, me ya hana ki ba su irin wanda kika ba ni?"

Delu ta juye ragowar kofinsa cikin wata 'yar jarka, ta toshe bakinta.

"Wannan saye muke yi mu ajiye, Yallaɓai. Wa zai ba baƙo ruwan dizal?"