Ruwan Kurkure Baki

Trevor ya karɓi lasifika a zauren taron garinmu, ana ta tafi. Shekara biyar ke nan da warkewarsa daga kansar harshe.

"Jama'a, ku riƙa zuwa asibiti da wuri," in ji shi. "Aminina taurin kai ya yi, ga shi mun rasa shi." Har da kiran sunan mijina, alhali ya san mu 'yan asalin ƙasar nan ba ma ambaton sunan mamaci.

Na miƙe. "Trevor, wa ya kai ka asibiti ran nan?"

"Haba Noelene, zauna mana."

"Mijina ne, don an ƙwace maka lasisi saboda tuƙi a buge. Tare kuka shiga wurin likita, kowa da gyambo a harshe. Kai da kake Bature, aka ɗora ka a jirgi sai babban asibitin birnin Townsville. Shi kuwa ruwan kurkure baki aka ba shi, aka ce wai ya rage shan giya. Mutumin da bai taɓa ɗanɗana ta ba!"

"Wannan ai laifin likita ne, ba nawa ba."

Ni ma a da haka na ɗauka. Ni ce fa mai dafa wa Trevor romo lokacin da ba ya iya tauna. Sai makon jiya na karɓo takardun asibitin mijina. Na warware shafin da likitan ya rubuta, na karanta kowa na ji:

"Ɗakin yana warin giya. Na tambaya wa ya sha. Baturen abokin majinyacin ya yi dariya, ya nuna majinyacin da yatsa."